Kafin ka sayi gilashin zuƙowa na kyamarar fim 120

'Yan uwa masu Pentax 645 da Mamiya, kada lambar da ke jikin gilashi ta ruɗe ku. Gilashin Pentax mai 80-160mm f/4.5, a kan kyamarar 645 (mai ɗaukar hoto mai girman santimita 6x4.5 a fim 120, fim ɗin nadi mai faɗi), ƙarshensa bai wuce kusan 100mm na ƙaramar kyamarar 35mm ba. Ya yi daidai da hoton fuska da na biki. In nesa kake so ka janyo, nemi 150-300mm.

Sai nauyi. Na Mamiya RZ67 mai 100-200mm ya fi kilo ɗaya da rabi, shi ya sa ake sa masa matallafi. Ni dai ban yarda a riƙe shi da hannu ba. Ɗora a kan ƙafa uku, ɗage madubin cikin kyamarar tukuna don kada motsinsa ya girgiza ta, sannan ka danna da igiyar dannawa (cable release). Hoto 10 kacal nadin fim ɗaya ke bayarwa a girman santimita 6x7 da RZ67 ke ɗauka, kowace girgiza asara ce. Fim mai ISO 400, wato mai saurin kama haske, zai taimaka, tunda waɗannan gilasan ba su shigar da haske sosai.

Tsoho za ka saya, don haka haska fitilar waya ta bayansa. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, mayar wa mai shi. Karkata shi ƙasa kuma, ka ga ko zoben zuƙowa zai zame da kansa.