Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura kayan MOLLE

In ka ga soja yana gudu, jakar harsashinsa na lilo tana dukan cikinsa, galibi jakar ba ta da laifi. Ba a saƙa ta ba ne. Wannan shi ne kuskuren farko, kuma ko tsofaffin hannu suna yinsa idan sauri ya kama su.

Dubi gaban rigar sulke ko jikin jakar goyo irin ta yau. Akwai layukan maɗauri na nailan a kwance, kowanne faɗinsa inci 1, tsakanin layi da layi inci 1, an ɗinke su a kowane inci 1.5 har suka zama ƙananan ƙofofi. Wannan shimfiɗa ita ake kira PALS, MOLLE kuwa sunan tsarin kayan ne gaba ɗaya, wanda sojan Amurka suka fito da shi a 1997, ko da yake bakin mutane ya riga ya haɗe sunayen biyu. A bayan kowace ƙaramar jaka ma akwai irin layukan, da dogon maɗauri mai tauri. Mai gaggawa sai ya zura maɗaurin ta bayan layukan riga kawai, ya danna maɓalli, ya ce ya gama. Daidai shi ne ka shiga layin riga, ka dawo layin jaka, ka koma na riga, kamar saƙar tabarma, har ƙasa. Yatsu za su yi zafi, musamman in kayan sababbi ne. Amma jakar da aka saƙa haka, ko ka kama ta ka fizga, rigar ce za ta biyo ta.

Masu tsohuwar ƙaramar jakar ALICE, tsarin ɗaukar kaya da sojan Amurka suka amince da shi a 1973, sukan maƙala ta a kan PALS da ƙarafunanta masu zamewa. Tana shiga, amma ba ta zama, don an yi ƙarafunan ne saboda ɗamara mai kauri. A nemi mahaɗin da aka yi don haka, ko a bar ta a ɗamararta.

Babban kuskuren da ya fi damuna shi ne cika kowane gurbi. Tarihin kayan nan duka neman sauƙi ne. Birtaniya ta bar fata ta koma saƙaƙƙiyar auduga a samfurin 1908, ta sake fasali a 1937 da 1958. Auduga tana shan ruwa ta yi nauyi, ta daɗe ba ta bushe ba, kuma damshin dazuzzukan Biyetnam ne ya tura Amurka ga nailan a 1967. Da MOLLE ta zo, manufar ita ce kowa ya ɗauki abin da aikin ranar yake bukata: mai babbar bindiga da nasa shiri, mai ba da magani da nasa, mai rediyo da nasa. An ba soja damar cirewa, sai aka mayar da ita damar ƙarawa. Ido ya ga layi babu komai, hannu ya nemo jaka, jaka kuma ba ta zama fanko. Littafin horon tafiyar ƙasa na sojan Amurka na 1990 ya sa iyaka, fam 48 na kayan faɗa da fam 72 na doguwar tafiya, wato kusan kilo 22 da kilo 33. A tsaunukan Afganistan bayan 2001 an sha wuce wannan iyaka nesa, gwiwoyi da bayan samari suka biya kuɗin. Tun zamanin Rumawa ake wa sojojin Janar Mariyus laƙabin alfadarai saboda kaya, to yau ma ba a rabu da Bukar ba. Gyaran ba wuya: bayan kowane atisaye ka zazzage komai a ƙasa, abin da ba ka taɓa ba, in ba magani ko harsashi ko ruwa ba ne, ka tambayi kanka me ya sa yake jikinka.

Sai inda ake ɗora jakar. Wasu suna jera gidajen harsashi biyu ko uku a kan juna a ƙirji. A tsaye abin da kyau. Kwanta rub da ciki ka gani: ƙirji ya tashi daga ƙasa, kai ya ɗago, rarrafe ya gagara. Layi ɗaya a gaba, sauran su koma gefe. Kafaɗar da gindin bindiga ke zama a bar ta sarari, ko wuƙa ko fitila kada a rataya. Jakar da ke tsakiyar baya kuwa hannunka ba ya kaiwa, kuma in ka zauna a mota ita za ta riƙa tokare maka ƙashin baya duk tafiyar.

Maganar jakar agajin gaggawa ba ta son ra'ayin kai. Maɗaurin tsayar da jini ya kasance inda hannun dama da na hagu duka za su cim masa, don ba ka san wanne zai ji rauni ba. Rukuni guda kuma su ajiye jakar a wuri guda, saboda wanda zai buɗe taka a cikin duhu abokinka ne, yana lalube da hannu mai rawa.

A jakar goyo, mutane da yawa suna barin ɗamarar ƙugu a sake, kafaɗu su sha nauyin duka har yatsu su yi sanyi. Ɗaure ƙugu tukuna, sannan kafaɗu, kaya masu nauyi su kwanta kusa da baya. In rigar sulke tana hana ɗamarar zama, a gyara tsayin rigar ko na firam ɗin da ke riƙe jakar kafin a fita.

Duk lokacin da ka sauya wa jaka wuri, sa kayan cike da nauyinsu na gaske, ka yi gudu, ka durƙusa, ka kwanta, ka shiga mota ka fito. Sannan ka rufe ido ka zaro gidan harsashi da maɗaurin jini, da safar hannu a hannunka.