Idan Adaftar Wi-Fi Ta Hana Sauran Na'urorin USB Aiki

Ka sa adaftar Wi-Fi a kwamfuta, sai linzami ya fara sandarewa, ko filas ya riƙa ɓacewa? Ga abin yi.

1. Cire komai daga ramukan USB, ka bar adaftar kaɗai. Mayar da sauran ɗaya bayan ɗaya har ka gano wanda take karo da shi.

2. Duba cikin ramin. Mai launin shuɗi galibi USB 3.0 ne, kuma yana fitar da hayaniyar sigina a zangon rediyo na 2.4 GHz, wanda Wi-Fi da linzami mara waya suke aiki a kai. Kamfanin Intel ya bayyana haka tun 2012. Mayar da adaftar ramin USB 2.0, ko ka nisanta ta daga ramin da doguwar wayar USB. Sau da yawa nan matsalar take.

3. Kada ka jona ta a mahaɗin USB mara wutar kansa. Ramin USB 2.0 miliyam 500 na wutar lantarki kawai yake bayarwa, ita kuwa adaftar cin wuta gare ta.

4. A Windows, buɗe Device Manager, ka nemo USB Root Hub, ka shiga Power Management, ka cire alamar da ke barin kwamfuta ta kashe na'urar.

5. Sauke sabon direba, wato manhajar da ke sa adaftar aiki, daga shafin kamfanin da ya ƙera adaftar, sannan ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa.