Yadda za ka yi amfani da laburaren jami'a kafin ka miƙa maudu'in risalarka a Madina

Ɗalibin majistir, wato digiri na biyu, ya kwashe watanni yana haɗa khuɗɗa, wato tsarin binciken da yake so ya yi, ya kai gaban majalisar sashe, sai a ce masa ai wani ya riga ya rubuta wannan a Ummul Ƙura. Abin yana faruwa, kuma ba mamaki. Jami'ar Musulunci ta Madina tun 1961 take, ga Ummul Ƙura a Makka, ga Jami'ar Imam a Riyadh, duk sun daɗe suna yaye masu risala, wato kundin binciken kammala digiri. Maudu'in fiƙihu ko hadisi da ya faɗo maka cikin sauƙi, da wuya a ce ba a taɓa shi ba. Saboda haka kafin ka sa alƙalami, laburare za ka nufa.

Da farko ka tabbatar lambarka ta ɗalibi da kalmar sirrinka suna aiki. Da su ake shiga Maktaba Raƙamiyya, wato laburaren intanet na jami'o'in Saudiyya da aka buɗe a 2010. Idan ta ƙi buɗuwa, ofishin kula da harkokin laburare za ka je, kada ka ari asusun abokin ɗakinka.

Idan ka shiga, ka nemi Darul Manzuma. A nan aka tara risalolin majistir da digirin digirgir na jami'o'in Larabawa, da maƙalolin mujallu. A nan kuma 'yan'uwanmu suke yin gaggawa. Mutum ya rubuta taken da yake so baki ɗaya, ya ga babu sakamako, ya tashi yana murna. Ba haka ake yi ba. Ka ciro kalma biyu ko uku da suke ɗauke da ma'anar, ka nema da alif da lam, ka sake nema babu su. Ka gwada da hamza, ka gwada babu ita. Ka juya kalmar zuwa jam'i, ka sa wata mai ma'ana ɗaya da ita, domin abin da ka kira ahkamu wani masa'ilu ya kira shi. Idan a kan wani malami za ka rubuta, ka nema da sunansa, da alkunyarsa, da laƙabinsa. Shehu Usmanu, alal misali, za ka gan shi a matsayin Ibn Fudi, za ka kuma gan shi Ibn Fodiyo, kuma kowanne da abin da yake fitarwa.

Duk risalar da ta yi kusa da taka, ka buɗe ta ka karanta gabatarwa da jerin babuka. Ka rubuta sunan mai ita, jami'a, shekara, da abin da ya bari bai taɓa ba. Wannan takardar ita ce za ta zama sashen binciken da ya gabata a khuɗɗarka, kuma ita mushrif, malamin da yake kula da bincikenka, zai fara dubawa.

Daga nan sai neman ifada, takardar da ke nuna ko an yi rajistar maudu'in a wani wuri. Cibiyar Sarki Faisal ta Bincike da Nazarin Musulunci da Laburaren Ƙasa na Sarki Fahad, duka a Riyadh, su aka sani da wannan aikin. Ka tambayi sakataren sashenku wacce suke karɓa.

Sai kuma ka tako da ƙafarka zuwa babban laburare. Shamila, wato laburaren littattafan Larabci na kwamfuta, tana da amfani, ba na musu, amma akwai kurakuran bugu a cikinta, kuma wani lokaci lambar shafi ba ta dacewa da bugun da ke hannun masu munaƙasha, wato malaman da za ka kare risalar a gabansu. Ka samo nassin a kwamfuta, ka tabbatar da shi a littafi. Jeren kantocin ba shi da wuya idan ka riƙe lambobin: ilimin Alƙur'ani a 220, hadisi a 230, aƙida a 240, fiƙihu a 250. Littafin da aka buga a Saudiyya ma yakan zo da lambarsa a bayan shafin take. Tun ranar farko ka ɗauki hoton wannan shafin, mai sunan muhaƙƙiƙi (wanda ya tace littafin) da maɗaba'a da shekarar bugu, don kada ka dawo kana yawon nemansa ana saura mako guda ka miƙa aiki.

Mai son tahƙiƙin makhɗuɗi, wato tace tsohon littafin rubutun hannu, yana da ƙarin zirga-zirga. Ka fara da hotunan rubuce-rubucen hannu da jami'a ta tara, sannan ka leƙa Mujamma'in Sarki Abdul'aziz na laburaren waƙafi, inda littattafan tsoffin laburarorin Madina na Arif Hikmat da Mahmudiyya suke. Kada ka miƙa khuɗɗa sai ka san kwafi nawa ne na littafin, da inda kowanne yake.

Idan wani littafi ya gagara samuwa, ka gaya wa ma'aikacin laburare sunansa da na mawallafinsa a rubuce. In babu shi gaba ɗaya, ka roƙi mushrif ya sa shi cikin littattafan da sashe yake nema a sayo, domin buƙatar da ta fito daga malami ta fi saurin samun shiga.