Yadda za ka ƙara wa ƙaramar kwamfuta kayan aiki ba tare da ta riƙa daskarewa ba

Kwamfuta mai allo ɗaya irin Raspberry Pi, wadda ta fara fitowa a 2012, a kan tebur lafiya lau take aiki. Rigimar tana tasowa ne ranar da aka rataya mata sensa uku da rile (makunnin da allon ke kunnawa da kashewa) biyu da kyamara, aka rufe ta a akwati aka tafi. Bayan mako biyu sai a tarar ta daskare, a yi ta zagin allon, alhali galibi wuta ce ko katin ajiya. Ga tsarin da nake bi.

Da farko ka yi lissafin wuta tun kafin ka sayi komai. Rubuta abin da kowace na'ura ke ja, ka tara. Samfurin Raspberry Pi 4 tana son bolt 5 da amfiya 3, Pi 5 kuwa amfiya 5 take so in za a ɗora mata kaya da yawa. Idan ka ba Pi 5 caja mai amfiya 3, da kanta za ta taƙaita wutar kafofin USB zuwa miliamfiya 600, diski ya riƙa ɓacewa yana dawowa. Wayar cajar ma tana da nata laifin: in siririya ce ko doguwa, wutar a hanya take zubewa. Da zarar ta sauka ƙasa da bolt 4.63 allon zai yi gargaɗi. Buga umarnin vcgencmd get_throttled, mai nuna ko wuta ta gaza, lokacin da komai ke aiki. Idan amsar ba sifiri ba ce, tsaya ka gyara nan, kada ka wuce.

Sai fil-fil na GPIO, waɗanda ake haɗa na'urori da su a jerin fil-fil 40 da ke kan allon. Da bolt 3.3 suke magana, ka shigar musu da 5 ka iya ƙona fil ɗin, wani lokaci har da allon dungurungum. Sensar da ke fitar da bolt 5 tana bukatar mai sauya matakin wuta a tsakani. Fil ɗaya ba ya ɗaukar fiye da miliamfiya 16, don haka kada ka tuƙa moto ko rile kai tsaye da shi. Sa taransista, ka ba moton wutarsa daban, ka haɗa wayar ƙasa (GND) ta ɓangarorin biyu. A kan naɗin rile kuma ka sa diyod, domin in ya saki yakan mayar da wuta baya da ƙarfi.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi cinye wa mutane lokaci, wato layin I2C, hanyar da allon ke magana da sensa. Waya biyu ce kawai ke ɗaukar na'urori da yawa, kowace da adireshinta. Ka haɗa su ɗaya bayan ɗaya, kana buga umarnin i2cdetect -y 1, mai nuna adireshin na'urorin da ke kan layin, bayan kowace. Agogon DS3231 da sensar motsi MPU6050 dukansu a adireshin 0x68 suke zaune, in ka haɗa su haka za su yi ta karo. Ita MPU6050 ana mayar da ita 0x69 ta fil ɗinta na AD0. Inda ba a iya sauya adireshi, guntun TCA9548A na raba layin gida takwas. Kuma don cikin akwati aka yi I2C. In sensa tana can nesa, koma layin RS-485, wanda ke kai wa kusan mita 1200. Ka tuna Pi ba ta karanta siginar analog, sai ka ƙara mata guntun da ke mayar da shi lambobi, kamar ADS1115 ko MCP3008.

Na huɗu, katin ajiya, wato katin SD. Ɗaukewar wuta ana tsakar rubutu ita ke lalata shi, yawan rubutu kuma yana tsufar da shi. Idan na'urar ba ta ajiye bayanai, kunna tsarin overlay a cikin raspi-config, manhajar saitin Pi, katin ya zama na karantawa kawai. Idan tana ajiyewa, tashe ta daga diskin SSD, ko ka nemi allo mai eMMC (ma'ajiyar da ke manne a jikin allon) kamar BeagleBone Black, sannan ka sa mata ƙaramin batir da zai ba ta damar rufe kanta. Ni dai ba na barin kati maras suna a na'urar da ba zan iya kai wa hannu da sauƙi ba.

Zafi ba ya bukatar dogon bayani. Daga digiri 80 allon ke fara rage gudu. Sa masa ƙarfen shan zafi ko fanka, ka huda wa akwatin kafar iska.

Abu na ƙarshe, ka ɗauka cewa duk da haka wata rana za ta daskare, ka naɗa mata mai gadi. A cikin guntun Pi akwai agogon tsaro da ke sake tayar da ita in manhaja ta yi shiru. Buɗe /etc/systemd/system.conf ka sa RuntimeWatchdogSec=10, kada ka haura daƙiƙa 15 domin iyakarsa ke nan. Sannan ka gwada ta da mugunta: zare wutar sau ashirin tana tsakar aiki, kunna moto da kyamara lokaci guda, bar ta kwana uku a rufe cikin akwatinta kafin ka kai ta inda za ta zauna.