Yadda ake fitar da titin da zai ɗauki mai ƙafa da mai keke a Zariya

Awon titi daga jikin katanga ake fara shi, a nufo tsakiya. In aka fara yanka wa mota rabonta, mai tafiya a ƙasa ba ya samun komai sai bakin lambatu, kamar yadda ake gani a tituna da dama na Tudun Wada da Sabon Gari.

Gefen masu ƙafa kada ya gaza mita 1.8, yadda keken guragu biyu za su wuce juna. A bakin kasuwa ko makaranta a kai shi mita 3. Turken lantarki da teburin mai shayi ba sa cikin wannan lissafi. Korar masu tebur kuwa ba ta ɗorewa, gobe za su dawo, gara a shata musu nasu wurin tun a zane. A ɗaga daɓen gefen masu ƙafa santimita 15 bisa kwalta, a karkata shi santimita 2 a kowace mita don kada ruwa ya kwanta.

Lambatu shi ne inda aiki ya fi lalacewa. Buɗaɗɗe yana cinye fili, yana tara shara, kuma in ruwan Agusta ya cika shi da dare ba a bambanta shi da hanya. A rufe shi da murfin kankare mai rodi, saman ya zo daidai da daɓe, sai ya zama wurin takawa. A bar murafun da ake iya ɗagawa nan da can, domin yashewa kafin damina. Murfin ƙarfe bai cika kwana ba, 'yan gwangwan na son sa. Tsagar da ruwa ke shiga ta gitta hanya. In ta bi tsawonta, tayar keke za ta faɗa ciki.

A hanya mai manyan motoci, irin ta Kwangila zuwa Samaru, fenti kaɗai ba ya kare mai keke. A ba shi layi mai faɗin mita 2, da dakalin kankare tsakaninsa da motoci. A kuma yanka wa Keke Napep da 'yan acaba wurin saukar fasinja, in ba haka ba layin keken ne zai zama tasharsu.

Wurin tsallakawa a sa shi inda sawun mutane ya riga ya nuna. A ɗaga shi kamar santimita 10 don direba ya rage gudu dole. Titi mai hannu biyu yana buƙatar tsibiri a tsakiya, wato wurin da mai tsallakawa zai tsaya, faɗin mita 2, saboda tsawon keke ya kusa haka. Gadar sama ba ta yi wa tsoho ko ɗan garuwa mai tura kura amfani.

Cikin birni, daga Ƙofar Doka zuwa lunguna, babu filin raba layi. Can a bar kowa a kwalta ɗaya, a jera tudun rage gudu kusa da kusa, yadda abin hawa ba zai wuce kilomita 30 a awa ba.