Yadda za ka tace jita-jitar sabuwar gita kafin ka ba da kafin alƙalami

Ina gyaran gitar lantarki a wani ɗan shago kusa da Ƙofar Ƙaura, kuma da zarar hunturu ya kankama na san abin da zai biyo baya. Samari masu kiɗa a situdiyo da wuraren biki za su fara shigowa da waya a hannu: "Maigida, ka ga wadda za ta fito? An ce da kanta take saita tsirkiya." Bara wani yaro da nake koya wa aiki ya tura wa wani dillali a Legas rabin kuɗin wata gita da babu kamfanin da ya taɓa sanar da ita, har yau bai ga gitar ba, bai ga kuɗinsa ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda ni nake bi da irin wannan labari.

Fara da duba watan da ake ciki. Yawancin shekaru cikin Janairu ana babban baje kolin kayan kiɗa mai suna NAMM a Anaheim ta Kalifoniya, kuma kamfanoni da yawa a daidai lokacin suke fito da sabbin kaya. Saboda haka maganar da ta taso a Nuwamba ko Disamba ba za ta daɗe a duhu ba, makonni kaɗan ne gaskiya ta yi halinta. Haƙurin wata guda bai fi ƙarfin kowa ba.

Sai ka tambayi inda labarin ya fito. A wurina mafi nauyi shi ne idan wani babban kanti ya yi kuskuren saka gitar a shafinsa da lambarta da farashinta kafin ranar da aka ba shi. Hoton wani mashahurin makaɗi riƙe da gitar da ba a sani ba yana biye da wannan, amma ka tuna ana ƙera wa irinsu tasu ta kansu wadda ba za ta taɓa shiga kasuwa ba. Takardar mallakar fasaha da kamfani ya shigar tana nuna abin da yake tunani ne kawai. Hoton da aka haɗa da kwamfuta kuwa, ko "wani na ciki ya gaya mini", ka bar shi inda ka gan shi.

Akwai abin da nake so kowane yaro ya sani game da waɗannan kamfanoni: ba sa son canza abin da ke kawo musu kuɗi. Gitar Stratocaster ta kamfanin Fender ta fito a 1954, Les Paul ta kamfanin Gibson a 1952, kuma har yau surarsu tana nan. Tsawon tsirkiya daga kai zuwa jaki (inda tsirkiya ke zaune a jikin gita) inci 25.5 ne a yawancin Fender, 24.75 a Gibson. Wanda ya ce maka za a rushe duk wannan baɗi, ka sa alamar tambaya. A 2015 Gibson ta gwada sa na'urar G Force mai murɗa kunnuwan saita tsirkiya da kanta a yawancin gitocinta, ta kuma faɗaɗa wuya. Makaɗa da yawa suka ƙi, kamfanin ya ja da baya. Canjin da ya fi faruwa ƙarami ne: sabon launi, sabon fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya), wani irin itace a fuskar wuya. Shi ma itacen yakan zo da dalili. A Janairun 2017 yarjejeniyar CITES, ta duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta tsaurara cinikin itacen rosud tsakanin ƙasashe, lokaci ɗaya da madobiyarmu, sai Fender ta koma wani itace mai suna pau ferro a gitocin da take ƙerawa a Meziko. An sassauta wa kayan kiɗa a ƙarshen 2019, kuma a 2024 jerin gitocin Player II na Fender ya dawo da rosud. Jita-jitar da ke da dalili irin wannan a bayanta ita nake saurara.

To, a ce labarin gaskiya ne. Yanzu ne ainihin aikin, domin tambayar da ta fi kowace ita ce ko kayan da ke jikin gitar za su rayu a Katsina. Wanda ya zana ta bai san iskar Disamba da ke tsage leɓe ba, bai san janareton gidan biki ba.

Ɗauki wuya tukuna. Itace yana shan danshi da damina ya kumbura, ya bushe da hunturu ya tsuke, amma ƙarafan firet, waɗanda ke gicciye a fuskar wuya, ba sa tsukewa, shi ya sa bakinsu ke fitowa yana yankar yatsa. Idan an ce sabuwar gita za ta zo da wuyan mafil da aka gasa, wannan labari ne mai daɗi gare mu, don gasasshen itace ba ya motsi kamar ɗanye. Ka bincika kuma ta ina ake murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuyan. Idan ta kai ne ko da ɗan gargare a gindin wuya, minti biyar ya isa. Idan sai an kwance wuyan, za ka sha wahala sau biyu a shekara. Firet na bakin ƙarfe mara tsatsa yana daɗewa ƙwarai, sai dai yana cinye magagari ranar gyara, kuma ba kowane mai gyara ne zai karɓa ba.

Fikof shi ne wurin da na fi ganin an yi nadama. Mai naɗi ɗaya yana da murya garau, irin wadda muke ji a hannun Buzayen Agadas, amma yana kwaso ƙugin lantarki, kuma a wurin da ba a binne wayar ƙasa ba ƙugin yakan kusa danne kiɗan. Mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙirƙira wa Gibson aka fara sa wa Les Paul a 1957, an yi shi ne don kashe wannan ƙugi. Ni dai idan mutum gita ɗaya zai iya saya, ina ba shi shawarar mai haɗa biyun, kamar tsarin Yamaha Pacifica 112: mai naɗi biyu kusa da jaki, masu naɗi ɗaya guda biyu a gaba. Masu aiki da batir mai bolt 9, irin EMG, shiru suke kamar ruwan randa, amma ka bar waya a soke ka kwana, batir na ta zuba. Kada ka je kamun amarya a Daura ba ka da na ajiya a aljihu.

Jaki kuwa, na san Floyd Rose, jaki mai hannun lanƙwasa sauti, yana ɗaukar ido. Yana riƙe saiti ko ka danna hannunsa har ƙasa, amma tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar sun kauce, kuma ba za ka gyara shi ana jiranka a fili ba. Na kwaikwayo da ake sa wa masu araha bakinsu yakan dakushe da wuri. Jaki kafaffe da kunnuwa masu kulle tsirkiya sun fi mana amfani nesa ba kusa ba. Duk wata sabuwar na'ura mai allo ko mai caji da aka dasa a jikin gita, ka tambayi kanka: ranar da ta mutu, a Sabon Gari ta Kano zan samu madadinta, ko sai an yi oda daga Turai?

Idan duk ta tsallake waɗannan, har yanzu kada ka biya. Jira kamfanin ya sa ta a shafinsa da cikakken bayani, ka kwafi lambar samfurin, ka sa dillali ya turo hoton bayan kai inda lambar gitar take, da bidiyon ana kaɗa ta a amfilifaya. Sau da yawa ma fitowar sabuwa takan sa 'yan kasuwa su sauke farashin tsohuwar, kuma abin da ya samu karɓuwa a Fender ko Gibson yakan gangaro zuwa samfuransu masu araha, Squier ko Epiphone, daga baya. Yaron nan nawa a ƙarshe tsohuwar Pacifica muka samo masa ta hannu. Na goge bakin firet ɗinta, na sassauta sandar wuya kwata ɗaya saboda rani, kuma da ita yake aiki duk ranar Asabar.