Yadda Ake Gwada Takalmin Gudu Mai Siririn Ƙasa Ba Tare da An Ji Ciwo Ba

Kambas ɗin gudu da aka saba sakawa yana da soso mai kauri a ƙasansa, kuma yakan ɗaga diddige sama da yatsu da kimanin milimita 8 zuwa 12. Takalmin da muke magana a kansa ya bambanta da wannan ta fuska uku: ƙasansa siriri ne har mutum yana jin tsakuwar da ya taka, diddige da yatsu suna zaune daidai wa daida, sannan gabansa yana da faɗi domin yatsu su baje yadda aka halicce su. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne FiveFingers na kamfanin Vibram, wanda ya fito a 2005, kowane yatsa da gidansa kamar safar hannu. Masu sha'awar irin wannan gudu sukan kafa hujja da Abebe Bikila, ɗan ƙasar Habasha da ya lashe tseren kilomita 42 a gasar Olamfik ta birnin Roma a 1960 ba takalmi a ƙafarsa. Gaskiya ne ya yi hakan, amma ƙafarsa ta riga ta saba, taka kuwa ta shafe shekaru a kwance kan soso, shi ya sa sai an bi da ita sannu a hankali.

Kafin ka sayi komai, duba lafiyar ƙafarka. Mai ciwon suga wanda jin ƙafarsa ya ragu bai kamata ya gwada ba, domin zai iya taka abu mai kaifi ya ji rauni bai sani ba. Haka nan wanda ke fama da ciwon agara, ko ciwon diddige na safiya, ko wanda ƙashin ƙafarsa ya taɓa tsagewa, ya fara ganin likita.

Wajen zaɓe, ɗauki takalmin ka lanƙwasa shi da hannu ɗaya; na ƙwarai yakan naɗe kamar tabarma ba tare da gardama ba. Gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka tsaya a tsaye, ka tabbatar akwai sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin. Kada kalaman talla su ruɗe ka. A 2014 kamfanin Vibram ya amince ya biya dala miliyan 3.75 domin sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka kan iƙirarinsa cewa takalmin yana ƙarfafa tsokar ƙafa kuma yana rage rauni, ko da yake bai amsa laifi ba. A ganina, wanda bai taɓa rabuwa da soso mai kauri ba gara ya fara da takalmi mai ɗan matsakaicin kauri wanda bai ɗaga diddige sama da yatsu da fiye da milimita 4 ba.

Makonni biyu ko uku na farko na tafiya ne kawai. Saka shi a cikin gida da ƙofar gida na rabin awa a rana, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka iya yini da shi. A wannan lokacin ne za ka shirya ƙafar, domin kowace ƙafa tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma ƙananan tsokokin da ke riƙe su sun daɗe ba su yi cikakken aiki ba. Tsaya a gefen matakala da gaban ƙafarka, ka ɗaga diddige sama, sannan ka sauke shi a hankali har ya wuce bakin matakalar, sau 10 zuwa 15. Shimfiɗa tawul a ƙasa ka riƙa jawo shi da yatsun ƙafa. Tsaya da ƙafa ɗaya na rabin minti yayin da kake goge baki, za ka ga yatsunka suna damƙar ƙasa suna saki, idon sawunka yana ɗan rawa yana neman daidaito.

Gudun farko ya zama gajere ƙwarai, kada ya wuce minti biyar, a cikinsa ma ka riƙa sassarfa minti ɗaya, ka yi tafiya minti ɗaya. Mutane da yawa suna ɗauka yashi ko ciyawa ne ya fi dacewa da mai koyo, ni kuwa na fi son wuri mai tauri kuma sumul, marar kwalabe da ƙusoshi, domin ƙasa mai laushi tana ɓoye kuskuren taku kamar yadda soso yake yi, mai tauri kuwa tana faɗa maka nan take.

Takun shi ne ainihin abin koyo, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. Binciken da Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard ya wallafa a 2010, bayan ya duba masu gudu a Amurka da Kenya, ya nuna cewa waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi sauka a kan gaba ko tsakiyar tafin ƙafa, kuma hakan yana rage bugun da jiki yake sha a lokacin da ƙafa ta taɓa ƙasa. Sai dai kada ka fahimci wannan a matsayin gudu bisa yatsu kamar mai sanɗa, wanda shi ne kuskuren da ya fi cutar da masu farawa. Gaban tafin ne yake fara taɓa ƙasa, diddige ya biyo baya ya ɗan sumbaci ƙasar kafin ƙafar ta tashi. Rage tsawon takunka ta yadda ƙafar za ta sauka a ƙarƙashin ƙugunka, gwiwa a ɗan lanƙwashe, maimakon ka miƙa ta can gaba. Taku zai yi sauri, wajen 170 zuwa 180 a minti ga mutane da dama, amma ba sai ka tsaya ƙirge ba. Kunnenka ya ishe ka: idan kana jin fat-fat-fat da ƙarfi a kan kwalta, kana dukan ƙasa ne, sai ka gajarta takun har sautin ya koma ɗan tsaf-tsaf wanda mai tafiya a gefenka da ƙyar zai ji.

Bayan gudun farko ka huta kwana ɗaya ko biyu. Washegari sha-raɓarka za ta yi tsami, saukowa daga matakala ma sai ka dafa bango, kuma wannan ba abin tsoro ba ne, domin tsokar da agara ne suka karɓi aikin da soso yake yi a da. Idan tsamin ya wuce, ƙara minti ɗaya ko biyu a gudu na gaba, sau biyu ko uku a mako, sauran nisan da ka saba yi kuma ka cika shi da tsohon kambas ɗinka. Cikakken sauyi yakan ɗauki watanni, kuma wanda ya fi shiga haɗari shi ne gogaggen mai gudu, tun da numfashinsa zai kai shi kilomita goma alhali ƙasusuwan ƙafarsa ba su shirya wa biyu ba. Tsoka tana sabawa da sabon nauyi cikin sauri, ƙashi da jijiya kuwa suna jinkiri.

Saboda haka ka koyi rarrabe ciwo. Tsami mai yaɗuwa wanda yake sauƙi idan jiki ya ɗumama alamar sabo ce. Zafi mai tsini a wuri guda a saman ƙafa, wanda za ka iya nuna shi da yatsa ɗaya, musamman idan ya zo da kumburi ko yana ƙaruwa da kowane taku, yana iya zama tsagewar ƙashi. Ajiye gudun a ranar, ka nemi likita ya duba. Agarar da take sandarewa da safe kwanaki a jere tana buƙatar ka koma tafiya zalla na mako guda, sannan ka dawo da rabin mintocin da ka tsaya a kansu.